Katantanwar da Na Bari a Gindin Teku

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na nutse a gefen wani ɗan tsibiri, can yamma da Takoradi. Lokacin ina saurayi a unguwar Nima, ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema. Mu ne masu goya tukunyar iska mu shiga ruwa mu kankare gindin jirgi. Littattafan soyayya sun cika mini kai, shi ya sa na bugi ƙirji a gidan su yarinyar da zan aura a unguwar Maamobi, na ce sai na sa mata katantanwar gindin teku a lefe, wadda na ɗauko da hannuna.

"To, ango," in ji gwaggonta tana dariya, "ranar buɗe akwati ita za mu fara nema."

Ruwan tsibirin garau yake. Kifaye masu ruwan ɗorawa suna ratsa duwatsu kamar 'yan biki, wani kunkurun ruwa ya wuce ni ko kallo ban ishe shi ba. Can na hango katantanwar, babba kamar kwanon sha, bakinta ja-ja. Ina kai hannu, wani siririn abu ya naɗe mini yatsa. Ashe halittar nan ce mai hannu takwas a ciki, ƙwanta reto-reto kamar ƙwayar shinkafa, tana hura musu ruwa. Masunta sun sha gaya mini ba ta cin komai sai sun ƙyanƙyashe. Ta yi fari, ta zube, amma ta ƙi gudu. Na daɗe ina kallonta har iskata ta yi ƙasa. Na zare yatsana a hankali, na hau sama.

A bakin teku wani ya tallata mini gogaggiyar katantanwa. Na juya ta, na mayar masa.

Ranar lefe kuwa na sha tsiya. "Ango ya je teku ya dawo da labari!" in ji gwaggo. Da la'asar na je na gaya wa yarinyar komai. Sai ta tambaye ni:

"Ta rame ƙwarai?"

"Ƙwarai."

"Allah sarki. Da ka kawo ta, Yaya, wallahi ba za ta kwana a ɗakina ba."

Ranar na gane cewa mai son ka da gaske ba zai so kyautar da aka rushe gidan wani aka kawo masa ba.