Cincin da Man Kifi

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta Kirsimetin da na kusa kashe 'yar mutane da cincin ba.

Lokacin muna zaune a Ketaren Gwari, katanga ɗaya ta raba mu da wata maƙwabciya Kirista, malamar firamare. Duk Kirsimeti mijina take kira ya yanka mata kaji, don mu ma mu ci hankali kwance. Ni kuma nawa aikin suyar cincin, don ba yabon kai ba, a layinmu babu mai hannuna.

Tana da 'ya budurwa wadda ba ta cin nama, ba ta cin kifi. Uwar ta taɓa ce mini kifi ba ya karɓar yarinyar, amma ni na ɗauka tsirfar 'yan boko ce. Har tsokanar yarinyar nake yi, ina cewa mijin da za ta aura zai huta da cefane.

Ana gobe biki uwar ta kawo fulawa da sukari da galan ɗin sabon mai. Ta ce, "Hajiya, don Allah da wannan za ki soya. Kin san 'yarki." Na ce to. Sai dai ina da ragowar man da na soya kifi da shi, rabin kasko, ya kwanta garau. Ni kuwa mace ce da ba ta iya zubar da abu. Na tace shi, na haɗa da sabon, na shinshina, ko ƙarni babu. Na ce wa zai sani?

Washegari sun dawo daga coci, ina shanya a tsakar gida, sai na ji ihun uwar. Na faɗa gidan ko takalmi babu. Yarinyar tana zaune a ƙasa, leɓɓanta sun kumbura, idanunta sun kusa rufewa, tana jan numfashi da wata ƙara kamar usur. Ga faranti a gefenta, da cincin ɗina a ciki.

Muka tare adaidaita sahu. Kan yarinyar yana kan cinyata, farcenta ya nutse a hannuna, ina jin numfashin yana ƙara yin siriri. Duk addu'ar da na kama sai ta kakare mini. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti likita ya tambayi abin da ta ci. Uwar tana kuka ta ce, "Kifi ne ke mata haka, amma yau cincin kawai ta ci. Kuma Hajiya ce ta soya, da sabon mai." Har dafa kafaɗata ta yi. Da na yi shiru, har abada babu mai sani. Na kalli yarinyar, na ji bakina yana cewa, "Likita, akwai man kifi a ciki. Ni na zuba." Uwar ta janye hannunta a hankali.

Aka yi wa yarinyar allura, aka sa mata iska. Ni da uwar muna zaune a benci ɗaya, ba mai kallon wani, har bayan la'asar da aka ce numfashinta ya daidaita. Na durƙusa zan ba uwar haƙuri. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Hajiya, shekara nawa ina kiran maigidanki ya yanka mana kaji? Na taɓa cewa ai ba za ku sani ba?"

Ta yafe mini daga baya. Tun ranar, idan mutum ya ce ba ya cin abu, ba na jiran dalilinsa ya gamsar da ni. Ita ta daɗe tana yi mini haka, ni ce ban lura ba.