Gwangwanin Kifin da Na Nutsar a Gaban Inna

Shekarar da Inna ta samu kujerar Makka, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Saura kwana tara a kwashe maniyyata, wata maƙwabciyarmu mai shegen surutu ta ji a rediyo wai akwai wani wuri a teku, Bamuda, da ke haɗiye jiragen ruwa da na sama, ko ƙusa ba a sake gani. Ba ta tsaya jin ƙarshen shirin ba, ta yafa mayafi ta kawo wa Inna labarin da zafinsa. Inna ta kwance kayanta, ta ce ita da jirgi haihata-haihata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun ina goye Inna take burin wannan tafiya. Na ce ai ga ranar karatuna.

Na zaunar da ita na ce babu wani aljani a wurin. Guguwa ce mai tasowa ba sallama, ga zurfi, ga ruwa mai gudu da ke kwashe tarkacen jirgi ya kai shi wata uwa duniya kafin masu nema su iso, ga matuƙan da kan ɓata hanya har mai ya ƙare. Da nan na tsaya da na tsira. Amma malanta ta motsa. Na ce wasu masana ma suna zaton wata iska kan taso daga ƙasan teku, ruwa ya koma kumfa, ya kasa riƙe jirgi. Na cika bahon wanki, na ɗora gwangwanin kifi da 'yan tsakuwa a ciki, na tura bakin famfon keke ƙarƙashinsa na dinga bugawa. Gwangwani ya yi rawa, ya karkata, ya yi ƙasa. Har wani daɗi na ji.

Inna ta daɗe tana leƙen bahon.

"To da aljannu na, ai da sauƙi," in ji ta. "Aljani shina jin Ayatul Kursiyyu. Wagga iska taki, mi taka ji?"

Daga ranar ta daina cin abincin kirki. Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Kwana uku bayan haka Kawu, yayanta, ya zo daga Argungu da busasshen kifi na guzuri. Masunci ne, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Ya saurari komai yana sakace, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, wanga Bamuda ina shike?"

Na ce can wajen Amurka.

"Gabas ko yamma?"

"Yamma, Kawu."

Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ke in za ki salla, ina kika dubi?"

"Gabas mana."

"To mi yah haɗa ki da shi?"

Shi ke nan fa. Inna ta miƙe ta jawo jakarta, ta ce a zubo mata tuwo. Sai da ta kai loma biyu ta ɗago ta kafe ni da ido.

"Kin san da haka?"

Na sani sarai. Taswirar duniya tana rataye a ajina, kullum da ita nake wuni.

"Kin sani," in ji Inna, "kinka bar ni kwana ukku da yunwa, kina yi min wasa da ruwa?"