Rariyar Injin Casa a Bunkure

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Ni tela ne, yawo bai dame ni ba, amma babbar 'yata ta yi waya ta ce za ta yi babban aikinta na farko a Kura. Karatun injiniya ta yi, kuma wani mai shagon ƙere-ƙeren ƙarfe ya ɗauke ta gwaji a kan sabon injinsa da kwamfuta ke sarrafawa. Na ce ko a ƙafa ne sai na je.

Titin Kano ya yi sumul a wasu wurare, a wasu kuwa sai ka dafe hularka. A Kwanar Dangora muka sha koko da ƙosai mai zafi. Daga Kadawa ido ya huta, ko'ina kore shar, ruwa na gudu a magudanai, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi. Ƙanena ya taya kwando ɗaya, da ya ji arhar sai ya hau faɗa da masu sayar mana da kayan miya a Zariya, alhali ba ko ɗaya a wurin.

Kura kuwa hayaniya ce: babura, adaidaita sahu, rugugin injinan casa, da ƙanshin shinkafar da aka turara ana shanya. A shagon muka tarar da wani dattijo daga Bunkure ya haɗe rai. Rariyar injinsa ta yage, buhunan matan da ke kawo masa casa sun taru. Ya sa an yi masa wata da hannu, amma ramukan notin ƙarshe suka ƙi haɗuwa da jikin injin. Farantin ƙarfe irin nasa saura ɗaya tal a shagon. A gabanmu ya ce idan wannan ma ya lalace, shi da 'yan'uwansa masu injina birni za su riƙa zuwa. Mai shagon ya kalli 'yata, na gane cewa makomar aikinta tana kan farantin nan.

Bayan ta durƙusa ta gaishe mu, na tambaye ta yadda ƙarfe yake jin magana.

Ta ce, "Baba, hanya biyu ake gaya masa inda zai huda. Ko a ba shi kusurwa ɗaya ta farantin ta zama mafari, kowane rami daga nan ake auno shi, wannan G90 sunansa. Ko kuma a ce masa daga ramin da ka gama, matsa kaza, shi ne G91."

Nan take na gane, don haka muke fama da gidan maɓalli. Telan da ke auno kowanne daga wuyan riga, in ya kuskure ɗaya, ɗayan ne kawai. Wanda ke aunawa daga gida zuwa gida ya fi sauri, amma in tef ɗinsa ya zame sau ɗaya, duk na ƙasa sun bi, riga ta karkace. Ashe abin da ya sami rariyar da aka yi da hannu ke nan. 'Yata kuwa ta riga ta je Bunkure da kanta ta sake awon daga kusurwa ɗaya. Ramukan noti da farkon kowane layi ta rubuta su da hanyar farko, ƙananan ramukan da ke maimaita juna a cikin layi ta bar su a ta biyu don rubutun ya yi gajere.

Ta danna, injin ya kama aiki. Abin sha'awa, bakin hudar na sauka yana tashi, ba gaggawa ba kasala. Faranti ya kai rabi, sai wuta ta ɗauke ɗif, bakin ya tsaya a tsakiyar layi.

Dattijon ya dafe kai. "Innalillahi! Shi ke nan, farantina ya tafi."

Na juya na kalli 'yata. Ita ko gezau. Ta ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Injin ya manta inda ya tsaya, amma kusurwar tana nan a ajiye."

Da aka tada janareta, ta ɗaga bakin, ta mai da injin gidansa, wato inda yake fara lissafin awo, ta umarce shi ya koma farkon layin da ya katse. Muka zuba ido. Bakin ya sauka cikin ramin farko da aka riga aka huda, bai taɓa gefe ba, ko ƙara babu. Haka na biyu, haka na gaba, yana shiga yana fita shiru, har ya iso inda ƙarfe yake ɗanye, sai muka ji ƙiii, ya ci. Ƙanena ya yi kabbara da ƙarfi har masu wucewa suka leƙo.

Da azahar muka ɗora rariyar a bayan mota muka nufi Bunkure. Hanyar ta bi gefen magudanar ruwa, shanu na sha, manoma na dashen shinkafa ƙafa tsundum a taɓo. Da muka isa aka kawo mana garau-garau da mai da yaji, amma ni ban taɓa ba sai da na ga makaniken dattijon ya ɗora rariyar. Noti na farko ya shiga, na tsakiya ya shiga, na can ƙarshe ma ya zauna ba a buga masa guduma ba. Injin ya tashi, farar shinkafa ta fara zuba, matan da ke zaune kan buhunansu suka rangaɗa guɗa.

Dattijon ya washe baki ya ce, "Kai, madalla da Injiniya! Wai 'yar waye cikinku?"

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a bainar jama'a. Na sunkuyar da kai ina gyara takalmi. Ƙanena kuwa ya buga ƙirji ya ce, "Tawa ce!" Shi aka yi ta ba hannu, shi aka ba shinkafar tukuici. Ita ta ɗan kalle ni ta gefen ido, ta yi murmushi, ta ci gaba da goge hannunta.

Kafin magariba muka iso Zariya. Tafiyar nan ta koya mini cewa aiki ba a ganin ingancinsa sai ranar da wuta ta ɗauke, kuma wanda ya tanadi wurin komawa tun kafin ya fara, shi ne hankalinsa ke kwance. Mahaifiyarta ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ya kuka baro ta?" Na ce, "Lafiya lau." Ita ma ba ta ƙara ba, don kunyar tata ta fi tawa.

Abin da bakina ya kasa faɗa a Bunkure shi ne nake rubutawa a nan, kowa ya karanta. Alhaji, ba ta ƙanena ba ce. Tawa ce.