Ranar da Na Je Yi wa Mai Jita Liƙi

A layinmu na Nima, a birnin Accra, in ka je biki makaɗi bai kira sunanka a lasifika ba, to ba ka je ba. Ko ka ci shinkafar gidan har ta gundure ka, washegari sai an tambaye ka abin da ya hana ka zuwa. Hanyar kuwa kowa ya san ta. Ka tashi cikin shigarka, ka raɗa wa maroƙi sunanka, ka taka har gaban makaɗi ka manna masa sabuwar takardar kuɗi a goshi, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a ko kai wane ne. A cikin wannan na tashi, kuma da wannan ilimin na hau jirgi zuwa Ingila, ni kaɗai, a ƙarshen shekarun saba'in.

Sana'ata a lokacin gyaran rediyo da rikoda, a wani ɗan shago kusa da babban kwatami. Ma'aikatan jiragen ruwa da ke sauka tashar Tema su ne suka ja min. Sukan kawo garmaho gyara, su bar faifai a ciki, ni kuma dole in gwada aikina. A haka na fara jin kiɗan rok mai nauyi: jita tana gurnani tana kuka, mai ganga yana duka kamar yana da tsohuwar gaba da fatar, waƙa ɗaya ta yi ta juyawa har ka ji kanka ya yi sama alhali ko ruwan sanyi ba ka sha ba. Na so kiɗan nan so na gaskiya, musamman na wani mai jita da nake da faifansa huɗu. Har yau ban ji kunyar wannan ba. Abin kunyar yana gaba.

Muna da dandali a gindin darbejiya, benci biyu da ludo, muna kiransa bes. Masanan duniya ne ke zama a wurin. Akwai wanda zai gaya maka abin da shugaban Amurka ya karya kumallo da shi, kuma a rayuwarsa bai taɓa wuce unguwar Adabraka ba. Uban zolaya a cikinmu shi ne telan layin, abokina tun makarantar allo, mutum mai baki kamar almakashinsa. Kullum ni da shi sai mun zagi juna kafin mu gaisa. Shi ya raɗa wa kiɗana suna injin niƙan Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, sunan kuma ya bi gari.

Wata rana ina nuna musu hoton wani taron kiɗa na kwana uku da ake yi a wata gona a Ingila, a jaridar da wani ɗan jirgi ya bar min, sai Tela ya karɓa ya duba a wulaƙance.

"Cale, abokina, tsaya in tambaye ka," in ji shi. "Wannan obroni, Baturen nan naka da kake mutuwa a kansa, ya san ka? Shekara nawa kana bauta masa, ko sunanka bai taɓa ji ba."

Aka yi dariya. Da na yi shiru da ya wuce kamar sauran. Amma na miƙe tsaye a gaban mutum tara na rantse cewa zan je taron nan, zan yi wa mai jitar liƙi a gaban Turawa, kuma zan dawo musu da kaset su ji da kunnensu ya kira sunana.

"To Allah ya kai mu," in ji Tela. "Ni zan danna rikodar da hannuna."

Na daɗe ina tanadi kafin tafiyar ta yiwu. Yaya, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana sayar da shinkafa da wake a Maamobi, tambaya ɗaya ta yi min.

"Wurin da za ka, biki ne?"

"Biki ne, Yaya."

"To ba ka zuwa bikin mutane da wannan wando naka. Ka sa a ce ba ka da kowa."

Ta sayo farar shadda, Tela ya ɗinka min babbar riga da 'yar ciki da wando, yana aiki yana cewa a kiyaye kada sarauniya ta gan ni ta saki mijinta. Ɗinkin dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.

A Landan na sauka wurin wani ɗan unguwarmu da a gida ake cewa manajan otal ne. Kwanuka yake wankewa. Shekarunsa da yawa a garin, amma hanya biyu ya sani, ta kicin da ta masallaci. Ya raka ni banki na canzo sababbin takardun fam masu ƙamshi, bai tambaye ni na mene ne ba, ni ma ban faɗa ba. Washegari na hau jirgin ƙasa, na bi da bas, na sauka a bakin wata gona da aka kewaye da waya.

An yi ruwa kafin in iso, ana yi, kuma ba a daina ba. Ban taɓa ganin ƙazanta irin ta wurin nan ba, ni da na girma a bakin kwatamin Nima. 'Ya'yan masu hali ne fa, amma sun zo biki da tsummokara, gashi har gadon baya ba wanki ba taza, wasu ba riga, suna birgima cikin taɓo suna murna. Mutum zai zauna jikinka, gwiwarsa na taɓa taka, bai yi maka sallama ba, ya buɗe gwangwanin wake ya cinye a gabanka bai ce bismilla ba. Wata ta miƙo min wani abu naɗaɗɗe a takarda, na ce na gode, ta dube ni da tausayi kamar ni ne mara lafiyar. Na riƙe shaddata a ƙunshe cikin leda biyu, na raɓa a wata rumfa, ina ta gode wa Allah da bai nuna wa Yaya wannan biki ba.

Amma kiɗan. Da aka kunna lasifikokin nan da suka fi gidanmu tsayi, sai na ji ganga a ƙirjina, ba a kunne ba. Abin da na yi shekaru ina saurare ta wata 'yar lasifika mai tsatsa, ga shi a gabana da cikakken jikinsa. Na tsaya cikin ruwa ina hawaye, ban damu da wa ya gani ba, dama ba mai kallona.

Kwana biyu ina lura da abu ɗaya: ba wanda ya yi liƙi. Makaɗa za su yi ta fama har gumi ya jiƙe su, dubban mutane su yi ihu su tafa, shi ke nan. Mai hankali zai ce a ransa, watakila ba al'adarsu ba ce. Ni abin da na ce shi ne, ashe Turawa marowata ne. Har tausayin mai jitata na ji. Na ce bawan Allah nan shekara da shekaru yana yi wa matsiyata wasa, bai taɓa haɗuwa da mai kyauta ba, yau zai ga ɗan zango, ɗan unguwar Hausawa. Lissafina ya ba ni cewa tunda ni kaɗai zan yi, ba kiran suna kawai ba, watakila har waƙa zai yi min.

Rana ta uku bayan la'asar aka ce mai jitata da ƙungiyarsa ne za su hau. Na shiga bayan wata motar sayar da abinci na canza kaya, na kafa hula, na rataya ƙaramar rikoda a wuya a ƙarƙashin riga, na danna ɗauka. Da na nufi gaba, jama'a suka riƙa darewa suna ba ni hanya. Farar riga a tsakiyar taɓo, sun ɗauka ina cikin masu wasa. Ni kuma na ɗauka sun gane girma, na ƙara buɗe kafaɗa.

A gaban dandamali akwai shingen ƙarfe, bayansa wasu ƙarti sun jeru suna fuskantar jama'a. Na duba wanda zai zama maroƙi a cikinsu, na ga ɗaya riƙe da rediyon hannu yana magana a ciki, na ce to ga shi. Na gaishe shi da Turancin da na yi wata guda ina gogewa, na miƙa masa takardar da na rubuta sunana da na mahaifina da Nima, Accra, da manyan baƙaƙe. Ya duba takardar, ya dube ni, ya sake ta ta faɗi. Na ce wannan maroƙin ba shi da tarbiyya, bari in je wa maigidansa da kaina.

Na tattare riga na haura shingen. Na taka wani akwatin lasifika, na kama bakin dandamali, na ɗora gwiwa ɗaya. Ga shi nan, taku huɗu tsakanina da shi. Gajere ne, ya fi hotonsa tsufa, idonsa a rufe, gashi ya rufe fuskar gaba ɗaya. Na tuna a wannan ɗan lokacin abin da ya dame ni shi ne ban ga goshin da zan manna kuɗin ba. Na ɗaga takardun sama, na kira shi.

Bai buɗe ido ba. Aka fizgo ƙafata ta baya, haƙarƙarina ya daki ƙarfe, mutum huɗu suka ɗauke ni ɗaya a kowace gaɓa. Jama'a suka ɗauki shewa, abin ya yi musu daɗi. Aka bi da ni ta wata ƙofar gefe aka jefar a taɓo, aka rufe. Kuɗin sun watse tun a hanya, an tattake su. Daga inda nake kwance ina jin jitar, ko kuskuren waya ɗaya bai yi ba. Bai san an yi ba.

A jirgin dawowa ban damu sosai ba, domin ni mai gyara ne. Reza da ɗan salatif, minti biyar a shago, in yanke ƙarshen kaset ɗin in ce batir ne ya mutu ana dab da kiran suna. Za a yi min dariya ta mako guda, a wuce. Abin da na manta shi ne, a zango jakar matafiyi ba tasa ba ce ranar da ya dawo. Yaya ta cika motar haya ta trotro guda da mutane suka tarye ni a filin jirgi. Kafin mu kai gida da hantsi tsakar gidan ta cika, an shimfiɗa tabarmi, tsofaffi suna addu'a, mata sun buɗe jakar suna neman tsaraba tun ban cire takalmi ba. Ina amsa barka da dawowa a wannan gefe, sai na hango Tela a wancan gefen da rikodata a cinyarsa, yana sa mata sabon batir da ya zo da shi daga gida.

"A yi shiru," in ji shi. "Yau za mu ji obroni ya kira ɗan Nima."

Ban iya tsallake dattawa in ƙwace ba. Ya mayar da kaset baya kaɗan, ya danna.

Kiɗa ya fito, tsofaffi suka yamutse fuska, 'yan bes suka fara murmushi. Sai muryata, ina gaida maroƙin ƙarya cikin ladabi, ina ce masa daga Ghana na zo. Aka yi 'yar dariya. Sai ƙarar ƙarfe, sai nishi. Daga nan Turancin ya gudu ya bar ni. Duk gidan suka ji ni da Hausa ina cewa, "Ku yi haƙuri, ni baƙo ne. Kyauta na kawo masa. Don Allah rigata." Sai shewar dubban mutane. Sai na ji kaina, ƙato da gemu, ina kiran Yaya, sau uku.

Na sunkuyar da kai ina jiran dariyar. Wallahi ina roƙon ta a raina, don na san yadda ake ɗaukar dariyar bes: ka rama, a rama, a tashi. Ba wanda ya yi. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa ta ce, "Mutum ya kawo maka alheri daga wata ƙasa, ka sa a daka shi. Waɗannan ba mutane ba ne."

Tela ya kashe rikodar. Ya zare kaset ɗin, ya taso ya zo har inda nake, ya sa min shi a aljihu da hannunsa. Bai dubi idona ba.

"Ba abin da ya fito," ya ce wa jama'a. "Injin ya lalace. Yaya, a kawo abinci."

Kwana uku ana zuwa yi min jaje. Na so in gaya wa wani cewa laifina ne, cewa kiɗan ya kai duk wahalar da na sha, amma duk wanda na fara yi wa bayani sai ya dafa kafaɗata ya ce in bar wa Allah.

Rana ta huɗu na fita bes. Tun daga nesa na shirya amsar da zan ba Tela, har guda biyu, masu zafi. Ina isowa aka tsayar da ludo. A wurin nan baƙo kawai ake yi wa haka. Tela ya miƙe, ya share bencin da tafin hannunsa, ya ce, "Sannu da zuwa. Ya jikin? Bismilla, zauna."

Na zauna. Mun yi shekara ashirin bayan nan a layi ɗaya, ya ɗinka kayan aurena, na je sunan duk 'ya'yansa. Har ya rasu bai sake zolayata ba, ko sau ɗaya.