Sa Hannun da Na Yi a Madadin Irmiya

In ka zo Magama, bakin iyakarmu da Nijar, ka tambayi mai gyaran injin ban ruwa, ko 'yan kwastan za su nuna maka rumfar Saje Irmiya. Mutumin Bugaje ne, gajere, mai taurin kai na ban haushi. Manoman rani daga Daddara da Mazanya, har da na tsallaken iyaka, duk sun san halinsa: ka kawo inji a canja maka roba ɗaya, sai ya kwance rabinsa yana leƙe-leƙe. Kana tsaye kana tsaki, shi ko a jikinsa. Amma in ya ɗaure, ba za ka sake neman sa ba sai wani ranin.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran jiragen sojan sama, goma sha huɗu daga ciki muna bariki ɗaya, ina gaba da shi a muƙami. Ni ne Zunnuraini, ɗan cikin garin Jibiya. A barikin da muka zauna mu biyu ne kaɗai 'yan gida, don haka da an tashi daga aiki sai ya ajiye "oga" ya koma ce mini Yaya. Ni Musulmi, shi Kirista, amma ban taɓa yin Sallah bai zo ya taya ni fiɗa ba.

A aikinmu akwai wata doka. Duk gyaran da ya taɓa abin da matuƙi ke juya jirgi da shi, mutum biyu ne ke sa hannu: wanda ya yi aikin, da wani daban wanda zai duba da idonsa, ya taɓa kowane noti, ya tabbatar an ɗaure shi da waya. Irmiya yana cikin masu dubawar. Da can ofishinsu daban ne, ba mai iya ce musu su yi sauri.

Sai aka zo da sabon tsari. Aka haɗe sassan gyara biyu, aka rage mutane, aka dawo da masu dubawa ƙarƙashina, ni da ake tambaya kullum jirgi nawa zai tashi. Sabon kwamandanmu ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Jirage shida gare mu masu saukar ungulu, yana son huɗu a shirye kowace safiya, kuma ni yake kallo in an samu uku.

Wata Talata da hantsi aka ce 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye, ana neman jirgi yanzu-yanzu. Wanda ya rage an canja masa sandar da matuƙi ke juya wutsiya da ita, masu aikin sun gama, kuma garin sauri sun rufe murfin wurin kafin Irmiya ya iso. Ya ce a buɗe. Buɗewa da rufewa awa biyu ne. Na ce yaranmu ne, ya san aikinsu. Ya ce ya sani, amma bai gani ba. Na roƙe shi da Hausa, na ba shi umarni da Turanci, ya dai tsaya riƙe da fitilarsa yana kallona. Daga ƙarshe na tura shi sito ya kawo wani abu da ba na bukata, na ɗauki biro na sa hannu a gurbinsa, tunda ni ma ina da takardar izinin dubawa. Ban buɗe murfin ba.

Jirgin ya je ya dawo lafiya. Da sati ya zagayo kwamanda ya ce in rubuto masa sunan wanda ke kawo jinkiri. Layi huɗu na rubuta. Aka mayar da Irmiya sito yana ƙirga tayoyi, ƙarin girma ya wuce shi sau biyu, ya ajiye aiki yana saje. Ni kuwa na ƙara igiya. Duk a zatonsa kwamanda ne ya yi masa, ni kuma na bar shi a kan haka. Shekara tara ke nan ina zama a bencin rumfarsa, matarsa Amarya tana aiko mini da kunu, ina sha. Wallahi babu ranar da ya wuce mini maƙogwaro da daɗi, amma ban fasa sha ba.

Watan jiya ya zo gidana da kansa, ya sa rigar zuwa coci, da takarda a hannu. 'Yarsa Jinƙai ta gama karatun injiniya tana neman shiga sojan sama, ana son wani tsohon ma'aikaci ya tsaya mata shaida.

"Yaya, kai nike so ka sa ma ɗiyar nan hannu," in ji shi. "Kuma ka zaunar da ita ka hwaɗa mata yadda ake aiki tsakani da Allah. Ni ba ta jin tawa, ta ce taurin kai ya hana ni ci gaba."

Na karɓi takardar, na ji ba zan iya ba. Na ce ya zauna. Na gaya masa rahoton nan ni na rubuta shi, ba kwamanda ba, har na maimaita masa layukan huɗu, don ban manta ko kalma ɗaya ba. Na shirya wa zagi, har so nake ya zage ni. Sai ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Wannan ya wuce. An matsa maka, na sani. Ai dai ka buɗe ka duba bayan na tahi sito."

Ya juyo ya kalle ni.

"Yaya, ka duba ko?"

"Ban duba ba, Irmiya."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Mutum huɗu ne cikin jirgin nan," ya ce a hankali. "Har da wanda matarshi ta haihu satin. Ni duk shekarun nan abin da ya sa nike barci, cewa nike ko an kore ni, Yaya na nan, ba ya barin jirgi ya tashi bai gani ba. Haka nike hwaɗa ma Jinƙai tun tana sakandare."

Na ce ya yafe mini. Ya ce nasa ya yafe, na mutum huɗun nan kuwa ba shi zan tambaya ba. Sannan ya miƙo hannu biyu, da ladabi, kamar yadda ƙarami ke karɓar abu a wurin babba, ya zare takardar daga hannuna ya ninke ta.

"Bari in nemi wani ya sa mata," ya ce.