Nasiba, da Ruwan Tagullar da Ba a Ce Ki Sha Ba

Ke mai karanta wannan, idan akwai tulu ko kwalba a ɗakinki da kika jiƙa tagulla a ciki don wani maras lafiya, ajiye takardar nan ki je ki zubar, sannan ki dawo. Ba da wasa nake ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Nasiba Gado, ƙanwar maigidana, a gidanta da ke Mai Wurno. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. Na ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta na manta da ita, na fita ƙofa ban san abin da ya fitar da ni ba.

Nasiba, ke ce kika tarbe ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Kika ga kisrata, siririyar wainar dawar nan, tana yagewa a kan kasko, ba ki yi dariya ba sai da kika koya mini. Lokacin da yaƙi ya koro mutane, kin bar wa wata mata da ba ki taɓa gani ba ɗakinki, kika koma rumfa da tabarma. Kuma ke ce kika tsaya wa 'yata Ibtisam sa'ad da dangi suka ce karatun kimiyya ba na mace ba ne. Da kanki kika ɗauki akwatinta a ka har tashar motocin Sinnar, kina ce wa duk wanda ya tambaya, "Daktorata ce za ta tafi."

Wannan ƙaunar ce ta buɗe ƙofar abin da ya faru. Da ciwon daji ya kama nononki, kin fara karɓar kimawi, allurar nan mai zubar da gashi. Sai hanyar asibiti ta yi wuya saboda yaƙi, tafiya ta gagare ki. A wannan tsakanin Ibtisam ta dawo gida. Kika tambaye ta me take bincike, ta ce tagulla suke ɗaurewa da wasu sinadarai, su ɗiga a kan ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji, wasu ƙwayoyin su mutu. Ina wurin. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Goggo, a cikin faranti ne fa. Nawa ko a jikin ɓera ba a gwada ba."

Kika ce, "To ni ban fi faranti ba?" Muka yi dariya, aka shiga wata hira.

Amma maganar ta fita da masu dubiya. Ta zaga unguwa, ta shiga waya, ta dawo miki ba gindi ba kai: wai 'yar gidan Gado ta gano tagulla na warkar da daji. Wannan ta kawo miki tsohuwar munduwa ki jiƙa. Waccan ta kawo wayar lantarki da aka fere. Ta ƙarshe ta zo da shuɗin garin nan da ake fesa wa tumatir a gona, ta ce shi ne nahas, wato tagulla, tsantsa, ya fi saurin aiki. Kika riƙa sha a ɓoye, don kina son ranar da kika warke ki kira Ibtisam ki ce maganinta ne. Ba mu sani ba sai da idonki ya yi rawaya, fitsari ya tsaya. Likitan da ya duba ki ya ce hanta da ƙoda sun tafi.

Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma Allah bai ce a sha maganin feshi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne jiya, a zaman makokinki, na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa awon ne ba ki iya ba, da rabin cokali kika riƙa sha da kin tashi. Kuma wadda ake wa raɗar, na san akwai ƙullutu a hammatarta. Na miƙe a gaban jama'a na faɗa wa mai raɗar abin da ban saba faɗa a gidan mutuwa ba. An ce na yi tsauri. A ce.

Ibtisam ta rufe kanta a ɗaki, tana cewa bakinta ne ya kashe ki. Na ce mata, "Tashi ki wanke fuska. Gaskiya kika faɗa, wasu suka gutsure ta. Ki koma ki ƙarasa aikin, ko zai kai ga mutum wata rana ta hanyar da ta dace."

Allah ya jiƙanki, Nasiba, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya yalwata kabarinki kamar yadda kika yalwata wa baƙi ɗakinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Nuraddeen, da 'yarki Sara, da dukan zuri'ar Gado. Allah ya ba mu haƙuri.

Daga yau kuma, ga dokar gidana. Duk wanda zai je dubiya daga gidan nan, ya ɗauki sukari da ganyen shayi da addu'a. Kada ya ɗauki magani, ko a hannu ko a baki. Wanda ya shigo mana da shi kuwa, ko uwata ce, a zaure zai tsaya.