Shanun Hanibal da Abin da Na Zargi Malam Muttaka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran Malam Muttaka Kabo, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wato mukayyif, a unguwar Utaibiyya. An sallace shi a Harami bayan la'asar. Na tsaya a sahun baya, domin shekara tara ke nan ba na amsa sallamarsa.

Malam, kowa a unguwa ya san alherinka. Tsofaffi nawa ka gyara wa mukayyif a tsakiyar zafi, ka ce shayi ya ishe ka? Amma ni da yaƙin Rumawa da mutanen Kartaj na san ka. Ka tara tsofaffin littattafan Larabci a kansa, in an gama cin abinci sai ka jera ƙwallon dabino a kan sufura, shimfiɗar cin abincin, ka ce ga runduna. Kai ka nuna mana yadda Hanibal, jagoran Kartaj, ya sa tsakiyar mayaƙansa su riƙa ja da baya, Rumawa suka bi su da murna, sai gefe biyu suka rufe su. Ka kuma ba mu labarin shanun da ya ɗaura wa wuta a ƙaho ya kora kan tudu. Masu gadi suka bi wutar, shi ya sulale ta mashigar da suka bari. Muna ta dariya, muna cewa kai ma ba a juya maka baya.

Sai shekarar da ƙanina Isma'il ya so hawan Arfa ba tasrihi, wato takardar izinin hukuma. Kai ka ce masa ya bi hanyar gabas, kai da surukanka kuka bi wata. Aka kama shi aka mayar Nijeriya, ku kuka wuce lafiya. Tun ranar zuciyata ta ce mini ƙanina ne bijimin da ka ɗaura wa wuta. Ban tambaye ka ba. Ni mutum ne mai riƙo, ban taɓa ɓoyewa ba.

Bana ka fara aiko ɗanka Mish'al. Da farko zuma ya kawo, daga baya littafinka mafi soyuwa, na ƙarshe kuwa saƙo ne kawai, ya kira ni baffa da Larabci ya ce: "Ammi, Baba ya ce ka zo, wallahi yana da magana." Na ce masa, "Je ka gaya masa ni ma na zauna a darasin. In na ga mai wayo yana ja da baya, ba na bi." Yaron ya sunkuyar da kai ya tafi. Ban san ciwon hanta ya riga ya cinye ka ba, kuma wannan amsa ita ce maganata ta ƙarshe da ta isa kunnenka. Tana ƙona ni.

Har yanzu ban wanke ka ba, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Wataƙila gafara ka so nema, wataƙila rantsuwa za ka yi cewa ba ka da hannu. Ko wanne ne, ni na toshe ƙofa. Idan ka yi, na yafe duniya da lahira. Idan ba ka yi ba, shekara tara na ɗauki alhakinka, kuma ba ni da wurin kai shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba Mish'al da 'yan'uwansa haƙuri. Hajiya Ummulkhairi, Allah Ya ba ki juriyar takaba. Ke ce a gefensa har ƙarshe. In ya faɗa miki abin da ya so gaya mini, ki aiko mini da shi yadda yake, ko da ni ne mai laifin.